Shekarar da gwiwata ta ƙi lanƙwasa

Akwai wata magana da ke yawo a danginmu, na san ta iso kunnenku ko da ba ku taɓa maimaita ta a gabana ba: wai uwarku ce ta kori Baba Nomau daga gidanmu na unguwar Banifandu a Yamai, ta raba ni da ƙanen ubana. Shekara ashirin da wani abu ke nan Rabi tana ɗauke da wannan magana, ba ta taɓa buɗe baki ta wanke kanta ba. Ni kuwa da ya kamata in faɗi gaskiya tun tuni, sai na yi ta cewa gobe. To, yau kaina ya yi fari fat, gobe ta fara ƙaranci. Ku ji yadda aka yi daga bakin mai ƙafar.

A lokacin ina kan ganiyata, ina da rumfar katako a kasuwar Katako, kuma ina da wani hali da ku ma kun tarar da ɓurɓushinsa: ba na iya tsayawa in ga ana aiki ban sa hannu ba. Ba tausayin masu sauke kaya ba ne, kada ku ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. So nake a ce Isuhu Bagobiri yana ɗaukar abin da mutum biyu ke ɗauka. Wata safiya cikin damina babbar mota ta kawo mana katako daga kudu, ruwa ya dake shi a hanya, ya jiƙe ya ninka nauyi. Ina tsaye a ƙasa na dage ƙafa zan karɓi guda, sai igiyar da ta ɗaure sauran ta kwance. Wani kakkaura ya sulluɓo ya same ni da bakinsa a gaban cinyar dama. Na ji wani abu ya yage a ciki kamar an keta tsohon zane. Na yi ƙoƙarin miƙewa don kada a ga Bagobiri a ƙasa, ƙafar ta ce ba da ita ba. A taksi aka kai ni gida, kafin la'asar cinyar ta kumbura ta cika ƙafar wando.

Za ku ce me ya hana a wuce da ni likita. Abin da ya hana shi ne gidan da na fito. Ɗori gadonmu ne. Kakana maɗori ne, bayansa Baba Nomau ya gaje shi, kuma a ƙasar Gobir duk wanda jaki ya kayar ko amalanke ta taka, ƙofar gidanmu ake nufa da shi. Ni kaina ina ɗan shekara bakwai na faɗo daga kan tsamiya, hannun nan na hagu ya karye gida biyu, Baba ya ɗora shi da karan dawa, ga shi har yau ko sanyi ba ya motsa shi. Ɗan gidan ɗori ya kwashi ƙafa ya kai wa baƙi? Ai da wane ido zan dubi mutanen garinmu. Na aika saƙo gida, kwana uku sai ga Baba ya sauko daga mota da ƴar jakarsa ta fata. Ku lura da wannan, don kada ku taɓa raina shi: tsakiyar noma ne, ya bar gonarsa ciyawa na cin gero, ya taho Yamai saboda ni.

Gajere ne, ba ya son surutu, yatsunsa ne ke magana. Ya bi cinyar tun daga ƙugu har gwiwa, idonsa a rufe, sannan ya ce:

"Ƙashi lahiya lau. Nama na ya murɗe, jini ya kwanta. Sai an gasa shi an watsa shi."

Haka aka fara. Safe da yamma Rabi ta ɗora tukunya, ruwa ya tafasa da ganye, Baba ya tsoma tsumma ya danna a kan cinyar har fata ta yi ja. Sannan ya shafa man shanu, ya sa manyan yatsunsa biyu da tafin hannu ya yi ta murza wurin, ya kama dunduniya ya ja, ya tura. Ni kuwa in cusa matashi a baki, don mai zane irin nawa a fuska ba ya kuka a gaban mata. Na sha azabar da ban taɓa sha ba, amma zuciyata a kwance take, tunda a ganina magani in bai yi zafi ba wasa ne. Mako uku ana haka. Kumburin ya sace, kowa ya ce madalla. Sai dai a tsakiyar cinyar wani abu ya dunƙule, ya yi tauri kamar ƙwallon mangwaro, kuma gwiwar da a farko nake ɗan iya lanƙwasawa ta fara ƙi. Salla a zaune nake yi, ƙafa a miƙe gabana. Zagayawa bayan gida kuwa, ku bar wannan zance, sai wanda ya gani.

Rabi ce ta fara magana. Kun san uwarku, mutuniyar Damagaram, ba ta ɗaga murya, amma in ta ajiye magana sai ka yi tuntuɓe da ita.

"Malam, ƙafar nan baya take yi."

"Yaushe kika zama lokotoro?"

"Ban zama ba. Amma ni ke ɗora ruwan, kuma ina da ido. Wancan makon kana zama kan kujera. Yau sai an tara maka turmi ka ɗora ƙafar."

Na ce ta kama bakinta, Baba ya san abin da yake yi. Ta kama. Ranar Juma'a, da Baba ya yi sammakon tafiya babban masallaci don ya samu sahun gaba, sai na ji taksi ta tsaya a ƙofar gida. Rabi ta shigo da mayafinta a kafaɗa.

"Ko ka shiga da kanka, ko in kira maƙwabta su ɗauke ka kamar buhun gero. Zaɓi wadda ta fi maka mutunci."

Na shiga da kaina, ina ta ƙunƙuni har muka isa. Aka ɗauki hoton ƙafar, wanda muke ce wa radiyo. Lokotoro, wato likitan da ke duba marasa lafiya, ya ɗaga shi a haske ya nuna mini ƙashin cinyata, santal, babu ko tsaga. Baba bai yi kuskure a nan ba. Amma a gefensa, a cikin naman, ga wani farin abu kamar ɗan gajimare. Ya ce ƙashi ne ya fara tsirowa inda ba wurinsa ba. Ya rubuta takarda ya tura mu wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin mai koya wa jiki motsi, wanda suke kira kine.

A nan na sadu da Mushe Hima (haka muke kiran malam ɗan boko da Faransanci), wani siririn Bazabarme mai tabarau, wanda in iska ta taso da ƙarfi sai a riƙe shi. Yana ganin zanen fuskata ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Yau Allah ya kawo mini Bagobiri a kwance."

"Kwanciyar zaki ce," na ce masa, "kada ka matso da yawa."

Wasan da ke tsakaninmu da Zabarmawa ya yi mini rana, don ba don shi ba da ban saurari yaron da na girme wa shekara goma ba. Ya taɓa dunƙulen a hankali, ya tambayi abin da ake yi wa ƙafar. Da na gaya masa, dariyar ta bar fuskarsa. Ya jawo kujera ya zauna, ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba, kuma ina so ku ma ku riƙe shi, don jikinku ne. Ya ce tsoka zare-zare ce, dubbai, a jere gefe da gefe, su ke ja su saki mutum ya motsa. A jikin kowane zare Allah ya ajiye wasu ƴan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ba su da aiki sai barci, tun mutum yana jariri suke nan a maƙale. Ranar da zare ya tsinke, jini ya zuba, wurin ya kumbura. Kumburin nan na farko ba abokin gaba ba ne, shi ke kawo wasu ƙwayoyin da ke cinye naman da ya mutu su share wuri. Sai masu barcin nan su farka, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, su jeru su manne da juna har su zama sabon zare. Kaɗan daga cikinsu kuma su koma barci, saboda wata rana. Amma a lokaci guda jiki yana saƙa tabo don ya riƙe bakin raunin, shi kuwa tabo ba ya ja, ba ya miƙewa. Tsere ake yi tsakanin sabon nama da tabo, wanda ya riga cika wurin shi ke da ƙafar.

"To ina laifin gashi?" na tambaye shi.

"Kai manomi ne kafin ka zama ɗan kasuwa, ko? In ka shuka gero, kana zuwa kowace safiya ka tone ramin ka ga ko ya tsiro? Abin da ake yi wa cinyarka ke nan. Zafi ya buɗe hanyoyin jini, murza ta tsinke sabon zaren tun yana ɗanye, jini ya sake zuba. Safe da yamma, mako uku. Jikin ya rikice, ya fara zuba ƙashi a cikin nama."

"Za ta lanƙwasa?"

"In an bar gashi da murza daga yau, ina sa rai, amma sai ka yi haƙurin da Gobirawa ba su da shi. In aka ƙara mako biyu, ka nemi sanda mai kyau, don da ita za ka tsufa."

Yanzu ga inda laifina yake, ku buɗe kunne. Mun dawo gida kafin Baba. Ina da yammacin Juma'a gaba ɗaya da zan iya kiransa gefe, mu biyu, in gaya masa da ladabi. Ya zo zai yi gashin yamma, na yi ƙaryar zazzaɓi aka ɗaga. Na ji tsoron idonsa, ni da nake cika baki ba na tsoron kowa. Na bar maganar har ta zo ta same ni a inda ba ni da wurin ɓuya. Da safe mutanen garinmu mazauna Yamai suka zo dubiya, su biyar, suna zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa. Baba ya naɗe hannun riga, ya buɗe gwangwanin man shanu, ya ce a kawo ruwa. Rabi tana tsaye bakin madafa, murhu a kashe. Ya sake cewa a kawo ruwa. Ta dube ni.

"Baba," na ce, "a bar gashin ga."

"Mi kac ce?"

"Na tahi likita jiya. Sun ce gashin shi ka ɓata ƙahwar. Kai ƙashi kas sani, Baba. Wanga nama na."

Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar da aka faɗa wa dattijo a gaban sa'annin ƴaƴan cikinsa mari ce. Baba ya rufe gwangwanin, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a tsumma, ya ce:

"Hannun da ya ɗora ka kana ɗan shekara bakwai, yau shi ka ɓata ka. To, madalla."

Ya juya ya yi wa Rabi wani dogon kallo, ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa. Na roƙe shi, mutane suka roƙe shi, Rabi ta biyo shi har ƙofa da ƙullin guzuri, ko waiwaye bai yi ba. Baƙin nan biyar sun ga murhu a kashe, sun ga kallon, suka kai labari gida yadda suka fahimta. Da wani ɗan uwa ya zo ya tambaye ni yadda aka yi, maimakon in ce ni ne, sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Ai ka san mata." Kalmomi huɗu. Su ne uwarku ta yi shekara ashirin tana biya.

Ita kuwa ba ta fasa komai ba. Sau uku a mako take raka ni wurin Mushe Hima. Aikin da ya fara ba ni har kunya yake ba ni: in kwanta, in ɗaure tsokar cinya in ƙirga biyar, in saki. Bayan kwanaki, in ja dunduniya a kan shimfiɗa zuwa gare ni, da zarar zafi ya yi sallama in tsaya. Na ce masa wannan ai aikin jarirai ne. Ya ce to jariri ne a cikin cinyar. Ya ce ƙashi in ya karye so yake a ɗaure shi ya zauna shiru, amma tsoka in ta daɗe a kwance sai ta rame, tabo ya ƙanƙance ya riƙe ta. Motsi kaɗan-kaɗan shi ke nuna wa sabon zare hanyar da zai bi ya jeru daidai. Ya ce a ba ni wake da ƙwai da nono da kifi, don masu ginin ba sa gini da iska. Rabi ta ɗauko mitata ta auna katako, mai naɗewa ɗin nan, kowace Juma'a in kwanta rub da ciki, in naɗo ƙafar iyakar iyawata, ta auna tsakanin dunduniya da mazaunai, ta ja layi da gawayi a bangon ɗaki. Wani makon a samu faɗin yatsa ɗaya. Wani makon babu komai, in yi ta faɗa da kowa a gidan, har ku da kuke ƙanana kuna gudu in kun ji sandata.

A wata na uku halina ya motsa. Na gaji da salla a kan kujera a bayan sahu tare da tsofaffi, na ce yau sai ta lanƙwasa ko ta ƙi Allah. Na kama ƙofa na saki nauyina a kan ƙafar. Washegari cinyar ta kumbura, layin gawayi ya koma inda yake wata guda baya. Mushe Hima bai yi mini wasa ba ranar.

"Masu barcin nan ba ma'aikatanka na Katako ba ne, da za ka daka musu tsawa su yi sauri. Kuma kai ba yaro ba ne, naka sun fara nauyin tashi. In ka sake, ka nemi wani kine."

Ban sake ba. Na koma na bi sannu, wadda ba ta hana zuwa. Daga jan dunduniya aka koma ɗaga ƴar jakar yashi, daga nan ya ɗora ni kan wani keke da aka kafe a ƙasa, in yi ta tuƙi ina zufa ba na zuwa ko'ina. Na ce masa wannan dabara sai Bazabarme. Cinyar da ta rame ta zama kamar ta ɗan akuya ta fara cikowa, dunƙulen ya fara raguwa. Ranar da na fara kai goshina ƙasa a masallacin unguwa, a cikin sahu, kafaɗa da kafaɗa da mutane, liman ya yi kabbara ya ɗago ni ban ɗago ba. Kuka nake yi, ba na ɓoye muku. Na gode wa Allah da ya ajiye mini magina a cikin jikina shekara arba'in ban san da su ba, ban taɓa ciyar da su da niyya ba, ban taɓa ce musu sannu ba. Na gode wa siririn Bazabarmen nan, Allah ya jiƙansa, ya riga ni tafiya. Uwarku kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba.

Amma daga gida shiru. Salla ƙarama ta wuce, babba ta wuce, na aika gaisuwa da goro, ba amsa. Damina ta sake zagayowa ta wuce, aka yi girbi. Rabi ce dai ta sake ajiye mini magana a hanya.

"Malam, an ce zumunta a ƙafa take. Da kana da hujja. Yanzu fa?"

Na ce ta zo mu tafi tare, ta ce a'a, ganinta zai ƙara wa wuta ice. Na hau mota ni kaɗai. Na isa garinmu da hantsi, na tarar da Baba a inuwar bukkarsa shi kaɗai, yana fere karan dawa na ɗori. Ya tsufa a shekara ɗaya da rabin nan fiye da yadda na zata. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tuɓe takalmi, na matso gabansa, na durƙusa har ƙasa, dunduniya ta taɓa mazaunai. Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ba fuskata ya duba ba, gwiwar ya duba.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya ajiye wuƙar, ya miƙo yatsun nan nasa, ya rufe ido, ya bi cinyar tun daga gwiwa yana hawa, a hankali, ba murza ba danna. Ya daɗe. Ya zo tsakiya ya tsaya a kan ɗan abin da ya rage, wanda bai wuce ƙwallon dabino ba, har yau yana nan in kuna so ku taɓa.

"Wanga nawa na," ya ce.

"Baba, ƙaddara ce."

"Yi shiru. Na san aikin hannuna in na taɓa shi. Sauran wa ya yi?"

"Wani Bazabarme."

"Bazabarme!" Ya girgiza kai, bakinsa ya ɗan motsa. "Duniya ta zo ƙarshe. Tashi in gani."

Na tashi ban dafa ƙasa ba. Ya ce in koma, na koma. Ya ce in sake tashi, na tashi. Sai na ga hawaye na bin zanen fuskarsa, yana sauka cikin gemu, bai share ba. Babu kowa a wurin sai ni da shi, shi ya sa ba wanda ya kawo muku wannan ɓangaren labarin, kuma bai ƙara damina biyu a duniya ba.

"Wa ya kai ka likita?" ya tambaye ni.

"Rabi."

"Na sani. Tun ran nan na sani. Da ta ɗora ruwan ga, da na gurgunta ɗan wana da hannuna." Ya ja numfashi. "In ka koma ka ce mata Nomau ya gode. Ka ce ta yahe mani."

Na dawo Yamai na gaya mata a cikin ɗaki, a hankali, mu biyu. Ta ce ba komai, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Saƙon dattijo na isar, amma nawa na riƙe, don shi a gaban mutane ya kamata a faɗe shi, tunda a gaban mutane na ɓata ta. To ga shi na rubuta, ku karanta wa duk wanda ya rage a dangi. Uwarku ba ta kori kowa ba. Ta ƙi hura wuta ne wata safiya, shi ya sa ubanku yake tafiya da ƙafa biyu.